Tambaya da Amsa: Ƙaramin shahon kan giginya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne daga wajen Gaya a Nijar. Wasu tsuntsaye biyu sun tare a kan giginyar gonata, kamar shaho suke amma ƙanana, kansu ja-ja, kullum da sassafe sai kuka kek-kek-kek. Yarana sun ce sai sun harbe su da danƙo kar su ƙarar mana da 'yan tsaki. Wane tsuntsu ne, kuma in bar su?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka kwaɓi yaran nan tun wuri, su ajiye danƙon. Yadda ka siffanta, ƙaramin shahon nan ne mai jan kai da jan ƙeya, wanda masana ke kira Falco chicquera, kuma indai a ƙasashenmu ne to shi da giginya ɗan juma ne da ɗan jummai, tun daga Senegal har Habasha. Ku da ke Dallol Mauri inda giginya ta yi daji guda ai ba abin mamaki ba ne.

Tsawonsa santimita 30 zuwa 36 ne kawai, kuma macen ta fi namijin girma. In ka samu ya natsu ka duba da kyau, bayansa toka-toka ne, cikinsa fari da siraran zane baƙaƙe a gicciye, ƙafafu da zagayen ido rawaya.

Maganar 'yan tsaki kuwa, gaskiya shirwa ce babbar ɓarauniya. Ba zan rantse maka ba zai taɓa ɗaukar tsako ba, amma shi abincinsa ƙananan tsuntsaye ne da yake kamawa a sama suna tashi, irin su tsattsewa da jan baki, har da jemage da magariba. Kai da ke noma gero ko shinkafa ka san aikin jan baki ai. Kuma farautarsu abin kallo ce wallahi, miji da mata ke fita tare, ɗaya ya yi ƙasa-ƙasa da gudu ya tayar da tsuntsaye daga cikin itace, ɗayan yana daga sama yana jira, wanda ya fito a firgice sai caraf, wani lokacin ma tare za su ci.

Ba sa saƙa sheƙa da kansu. A gindin ganyen giginya macen ke yin ƙwai 2 zuwa 4, ko ta gaji tsohuwar sheƙar hankaka, yawanci da rani, ta kwanta a kai kamar wata ɗaya da 'yan kwanaki namijin na kawo mata abinci. Kukan da ya dame ka ɗin ma ƙila hankaka ko shirwa suke kora daga wurin.

Abin da zai tashe su shi ne sare giginyar don azara, saboda haka in kana da niyyar sarewa ka jinkirta har 'ya'yan su tashi. Kajin kuma a kife su da akurki da safe saboda shirwa.