Jarumi ya tafi, saura fitowa uku

Ka ce jarumin fim ɗinku ya tattara ya wuce wani lokeshan alhali saura fitowa uku, furodusa kuma ya ce a samo wani yaro a sa masa kayansa a ɗauke shi ta baya. Kana tambaya ko zai yiwu. Zai yiwu, yaro, amma yadda ka ce "wani yaro" ya nuna mini ba ka san aiki uku ne daban-daban kuke cakuɗawa ba.

Akwai ɗan tsayuwa, wanda ba ya fitowa a fim ko kaɗan. Shi ake tsayarwa a gurbin jarumi a saita fitila da fokas a kansa, jarumi na can yana kwalliya ko bitar magana. Akwai wanda ake ce wa dobul, shi yana fitowa, sai dai ba a ganin fuskarsa: baya, kafaɗa, hannu, ƙafa, ko hango daga nesa. Sai ɗan kasada, mai faɗuwa da sukuwa da tseren babur. A fim ɗin Sholay na 1975, gudun keken dokin nan da ake bin Hema Malini, wuraren haɗarin Reshma Pathan ce ta yi su. Su Turawa suna kuma amfani da dobul wajen nuna tsiraici, wannan ba namu ba ne, ba zan ɓata bakina a kai ba.

Ɗan tsayuwa abu biyu ake nema gare shi, tsawo da launin fata. Tsawon kar ya bambanta da na jarumi fiye da yatsa biyu, kuma ka auna shi da hula a kansa, domin doguwar zanna ko ɗaurin ɗankwali na iya ƙara taƙi guda. Fata kuwa, in ka saita haske a kan baƙin mutum sannan fari ya zo ya tsaya, goshinsa da kumatunsa za su ƙone fari fat, bambancin yakan kai sitof ɗaya ko fiye, wato ninki biyu na haske. Haka farar shadda tana watsa haske a haɓa, baƙar riga tana shanye shi. Ka manna salatif a ƙasa daidai yatsun ƙafarsa, don jarumi ya tsaya daidai wurin. Da lens (gilashin kyamara) mai milimita 85, ƙofar haskensa a buɗe kan 2.8, mutum na nesa da kai mita biyu, abin da ke cikin fokas bai kai santimita goma ba. Rabin taku ya isa ya fitar maka da idon jarumi daga fokas.

Amma kai dobul kake nema, kuma nan ne tambayarka ta sosa mini inda yake mini ciwo.

An yi wani aiki da aka ɗaura wa jarumar aure ana tsakiyar ɗauka, mijin ya ce ta daina fim. Saura fitowa tara. Furodusan ya san ba za ta dawo ba, amma ya rufe bakinsa. Ya kawo wata yarinya ya ce a ɗauki duk na baya da na nesa da ita, jarumar za ta zo mako mai zuwa a ɗauki fuskarta. Ka lura da muguntar da ke cikin wannan magana. Wanda ya san fuska za ta zo, yana ɗaukar dobul ne a matsayin ciko, ba ya damuwa da ƙananan kurakurai, tunda edita zai yanka ya koma kan fuska. Wanda ya san ba za ta zo ba, tsarin ɗaukarsa daban ne tun daga farko. Kwana huɗu aka yi ana ƙona mai a janareta, ana biyan hayar gida da kyamara da fitilu, a kan ƙarya.

Da aka zauna haɗa hoto sai komai ya fito fili. Yarinyar ta fi jarumar tsawo da yatsa huɗu. A tsofaffin ɗauka mijin fim ɗin yana sunkuyar da ido in yana mata magana, a sababbin kuma yana ɗaga kai. Ko wanda bai san fim ba zai ji wani abu ya canza, ko da bai iya faɗin mene ne ba. Jarumar baƙin lalle na zane ne a hannunta, wannan kuwa jan lalle ta ƙunsa har wuyan hannu. Mafi muni, bahaguwa ce. Akwai fitowar da take durƙusawa ta miƙa wa surukarta kwanon fura, wurin da labarin yake so ya nuna ladabinta, sai ga shi da hagu ta miƙa. A idon Bahaushe wannan raini ne, fitowar ta juye ta zama kishiyar abin da aka rubuta. Wani ya ce a juya hoton a kwamfuta, hagu ta koma dama. An juya, sai rubutun kalandar da ke bango ya koma baibai, surukar kuma ita ta koma karɓa da hagu. Babu hoton kwanon shi kaɗai, babu na ƙofa, babu na wani da ke kallo, babu inda edita zai ɓuya, saboda kowa na jiran fuskar da ba za ta zo ba. Daga ƙarshe furodusan nan ya ce laifin mai kyamara ne da mai haske, ya riƙe cikon kuɗin kowa, har da na yarinyar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Har yau ba a biya ba. Allah ya isa.

Saboda haka kafin ka taɓa kyamara, ka kira jarumin da bakinka, ba ta bakin furodusa ba, ka tambaye shi zai dawo ko ba zai dawo ba, kuma ya yarda wani ya sa kayansa ya fito a matsayinsa. In zai ba ku ko da awa biyu ne, ku karɓa. Awa biyu sun isa a ɗauki fuskarsa kusa-kusa a fitowa uku, a jikin bango mai launin na ɗakin. In ba zai dawo ba, ku zauna da marubuci. Fitowa ɗaya ta koma waya, ɗaya a ba wani ya faɗi abin da ya faru, dobul ya ɗauki ɗaya tak.

Wajen zaɓen yaron kar ka kalli fuskarsa, ba ita za ka ɗauka ba. Juya shi ka kalli ƙeya, kunne, kaurin wuya da faɗin kafaɗa. Kunne ba ya ƙarya. A yi masa aski irin na jarumin, da tsawon gashin da yake da shi a ranar da aka ɗauki fitowar da ke gaba da wannan. Kaya su zama ainihin waɗanda jarumin ya sa, kar a ɗinko irinsu, domin shaddar da ta sha wanki da sabuwa ba sa ɗaukar haske iri ɗaya. Agogo a wane hannu, zobe a wane yatsa, karin hula ta wane gefe, duk wannan aikin mai kwantiniti ne, wato mai rubuta yadda komai yake a kowace fitowa don kar ya canza, in har kuna da shi. Yaran yanzu kowa darakta yake so ya zama, ba mai son riƙe littafi da biro, kun ɗauka komai kwamfuta za ta gyara. Burus Li ya rasu a 1973 bai gama Game of Death ba, aka ƙarasa da dobul aka fitar a 1978, ana ɓoye su da baƙin tabarau da hular kwano, har hoton fuskarsa aka manna a madubi, kuma duk da kuɗinsu kowa ya gane. Balle kai da laftof ɗin aro.

Zaunar da yaron ya kalli tafiyar jarumin sau goma. Tafiya ita ke tona asiri daga nesa, yadda mutum ke jefa ƙafa da yadda yake kaɗa hannu. In ya kasa kamawa, zaunar da shi ko ka sa shi cikin mota.

A ɗauka ta kan kafaɗa, kar jikinsa ya ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na hoton, fokas na kan wanda ke fuskantarka, shi kuma ya ɗan dushe. Kar ya juyo har kumatu ko gefen gemu ya bayyana. In ya fi jarumin gajarta ɗora shi kan katako, in ya fi shi tsawo ya ware ƙafafu, har idon abokin maganarsa ya sauka inda ya saba sauka. Daƙiƙa biyu zuwa uku ka yanke, ido ba ya fara bincike sai an bar shi ya daɗe. Sannan ka ɗauki abubuwan ɓuya da yawa, hannu a kan makulli, kofi, labule, fuskar mai saurare.

Lokacin ɗauka dobul ɗin ya yi shiru. Ya motsa kai da kafaɗa kamar mai magana, wani daga gefe ya karanta layin a hankali, ba tare da muryarsa ta hau ta ɗayan ba. Muryar jarumin kuma a je inda yake a naɗa da makirufon da aka yi sauran aikin da shi, a ɗaki mai labule da kafet, kar ka karɓi saƙon murya na WhatsApp. Kafin ku tashi daga ɗakin ku naɗi shirunsa na minti ɗaya, da shi za a liƙe maganar.

Kuma don yaro ya yi kama da jarumi ba shi ke nuna ya iya hawan doki ba. In a cikin fitowa ukun akwai sukuwa ko faɗuwa, nemo wanda sana'arsa ke nan.

Kuɗinka da na yaron ku karɓa a rubuce, rabi kafin a kunna janareta. Yau da daddare ka turo mini hoton ƙeyarsa da ta jarumin gefe da gefe, da na hannayensu, ka kuma miƙa masa biro ka ga da wane hannu zai karɓa.