Maziyarta 10,000 na kuɗi, ko goma masu saye? Amsoshin tambayoyinku kan shafin kasuwanci

Saƙonnin da suka taru min a wannan karon kusan duk kukansu ɗaya: an biya an gina shafi, an sa hotuna, an raba adireshin ga 'yan'uwa da abokai, sai kuma shiru, ko ƙuda bai gifta ba. Na tsamo guda biyar. Ta farkon ce za ta ci mana lokaci, domin a nan aka fi yi wa mutane sakiyar da babu ruwa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina sayar da kayan gyaran keken ɗinki ta shafina na intanet, yau wata bakwai ke nan, amma a rana da ƙyar mutum goma ke leƙowa. Wani ya turo min saƙo cewa zai kawo min maziyarta 10,000 cikin mako guda a kan ɗan kuɗi kaɗan, kuma in na ƙara masa wani abu zai ɗora ni a sahun farko na Google. In biya shi?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka.

Alkawari biyu ya yi maka. Maziyarta 10,000 ɗin zai iya kawo su, ta wannan fuskar bai yi maka ƙarya ba, sai dai galibinsu ba mutane ba ne. Manhajoji ne da aka tsara su buɗe shafi, su rufe, su sake dawowa da wata kama. Na taɓa zama da wani da ya riga ya biya irin wannan kuɗi, muka buɗe Google Analytics, manhajar da ke ƙirga masu shiga shafi, tare. Layin ƙididdiga ya miƙe tsaye kamar an kafa sanda, ya yi kwana shida a sama, sannan ya faɗo tim. Muka duba daga inda baƙin suka zo: ƙasashen da bai taɓa aika kaya ba, ba kuma zai iya aikawa ba. Muka duba tsawon zamansu: daƙiƙa ɗaya, wasu ma sifiri. Ko bisa kuskure babu wanda ya taɓa maɓallin saye. Taron tsintsiya ba shara. Abin da ya fi ƙona masa rai daga baya shi ne lissafinsa ya dagule, ya kasa gane mutanen gaske nawa suka zo a watan, balle ta wace hanya suka shigo.

Alkawari na biyun ya fi haɗari. Tun da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, ɗaya daga cikin ginshiƙan lissafinsu wajen jera shafuka shi ne mahaɗai, wato inda wani shafi ya sa abin dannawa da ke kai mutum zuwa naka. Kowane mahaɗi tamkar shaida ce, wani ya ce je ka can, akwai abin kirki. Da aka gano haka sai kasuwar shaidar zur ta buɗe, ana ƙirƙirar shafukan banza barkatai don kawai a sayar da mahaɗai. A watan Afrilun 2012 Google ya fito da wani gyara mai suna Penguin don farautar masu wannan aiki, shafuka da dama suka wayi gari sun ɓace daga sahun gaba. Har gobe sayen mahaɗi don ɗaga matsayi saɓa ƙa'idarsu ne. In an taki sa'a su yi watsi da mahaɗan, kuɗinka ya bi ruwa. In ba a taka ba su hukunta shafin, ka koma bin mahaɗan ɗaya bayan ɗaya kana roƙon a cire. Google da kansa ya rubuta cewa babu mai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya. Duk wanda ya ba ka wannan tabbaci, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Ban ce duk masu aikin da ake kira SEO, wato gyara shafi don ya hau sama a sakamakon bincike, 'yan damfara ba ne. Akwai ƙwararru na gaske, kuma gane su ba wuya: za su faɗa maka abin da za su canza a shafinka filla-filla, za su tambaye ka su wane ne kwastomominka kafin su yi maganar kuɗi, kuma ba za su ce mako guda ba. Shawarar da Google ke bai wa masu ɗaukar irin waɗannan ma'aikata ita ce a sa ran wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfanin aikin.

Kafin ka ɗauki kowa ma, akwai dukiya a hannunka da ba ka taɓa ba. Buɗe Google Search Console, kyauta ne. Zai nuna maka ainihin kalmomin da mutane suka rubuta har shafinka ya bayyana musu, da sau nawa aka gan ka aka wuce ba a danna ba. Sannan ka zauna ka tuno tambayoyin da teloli ke yi maka a waya. Telan da kekensa ya tsaya da tsakar aiki ba sunan kamfaninka zai nema ba, bai ma san da kai ba. Abin da zai rubuta shi ne "keke yana tsinke zare", ko "allura tana karyewa", ko "ɗinki yana tsallake". Kowace matsala ka ware mata shafinta, kanun ya kasance da kalmomin da shi telan ke amfani da su, a harshen da yake bincike da shi. Ka bayyana dalilai uku ko huɗu da ke jawo matsalar, ka ɗauki hoton ƙarfen da ke lalacewa daf da daf, ka rubuta lambar samfurin keken da kayan ke shiga, a ƙasa ka sa hanyar saye. Mutum goma da suka shigo ta wannan ƙofa, kekensu na tsaye, mai kaya na jiran ɗinkinsa, su ne kasuwarka. Su kuma mahaɗai na halal sukan biyo baya: makarantar koyon ɗinki da ta ga bayaninka ya amfani ɗalibanta, ko kamfanin da kake saro kaya a wurinsa, in ka nemi ya sa ka cikin jerin dillalansa.

Wani abu a gefe: in mai gina shafi ya ce ka biya shi ya cusa maka ɓoyayyun kalmomin bincike a bayan shafi, ka tuna masa cewa tun 2009 Google ya sanar ba ya duba wannan gurbin wajen jera sakamako.

Tambaya: Malam, jakunkunan fata nake ɗinkawa da hannu, kuma kuɗin tallar da na ware ba shi da yawa. A Google zan zuba ko a Facebook da Instagram? Mijina ya ce in raba biyu.

Amsa: Hajiya, a gaida maigida, amma kuɗi kaɗan in aka raba shi biyu, kowane ɓangare sai ya ƙare kafin ya koya miki komai.

Bambancin wuraren biyu a niyyar mutum yake. Wanda ya shiga Google ya riga ya san abin da yake so, nema yake. Wanda ke kan Instagram hira da kallo suka kawo shi, ke ce za ki tare shi a hanya. Shi ya sa mai gyaran famfo ko mai sayar da batirin mota ya fi cin ribar Google, don babu mai sha'awar batiri sai ranar da motarsa ta ƙi tashi. Jakar hannu kuwa ido ne ke sayenta. Mace ba ta tashi da niyyar saye ba, ta ga ɗinkin bakin jakar da launin fatar, zuciyarta ta biya. A wurinki zan fara da Instagram, da gajeren bidiyon hannunki yana huda fata yana jan zare. Wannan kallon babu masana'antar da za ta iya kwaikwayonsa.

Abin da ya fi zaɓen dandali muhimmanci shi ne inda tallar ke sauke mutum. In jaka ruwan ƙasa mai dogon hannu kika tallata, dannawa ɗaya ta kai shi kan wannan jakar, da farashinta, da girmanta, da kwanakin da za ta yi a hanya. Kika ajiye shi a shafin farko ya shiga lalube, kin biya kuɗin kawo shi kin kuma sallame shi da kanki.

Ki kuma yi lissafi kafin ki ƙara ko sisi. A ce mutum 100 sun danna, biyu sun saya. Kuɗin dannawa 50 ke nan ya tafi a kan kowane ciniki guda. In ribar jaka ɗaya ta haura haka, ki ci gaba. In ba ta kai ba, ki tsaya ki gyara hoton ko shafin. Ran da kika gwada Google Ads, wato tallar Google, ki sani gwanjo ake yi a kan kalmomi kuma galibi a kan kowace dannawa ake cajin ki, don haka ki toshe kalmomi irin su "kyauta" da "yadda ake ɗinka", kada masu neman koyo su cinye miki kuɗin masu neman saye.

Tambaya: Shafina yana jan ƙafa wajen buɗewa. Wanda ya gina min ya ce sai na koma masauki mai tsada, wato kamfanin da ke ajiye shafin a intanet, ko a rushe a sake sabo. Wanne zan zaɓa?

Amsa: Ko ɗaya tukuna. Ɗauki adireshin shafin ka sa a PageSpeed Insights, ma'aunin saurin shafi na Google, shi ma kyauta ne, ka karanta sakamakon ɓangaren waya. Ma'aunin da Google ya sa shi ne babban abin da ke kan shafi ya gama bayyana cikin daƙiƙa biyu da rabi. A yawancin shafukan ƙananan 'yan kasuwa da na duba, hotuna ne masu laifi: an ɗauka da waya an ɗora yadda suke, kowanne megabait biyar ko shida, guda ashirin a jere. Rage girmansu a mayar da su tsarin WebP, mai sa hoto ya yi rashin nauyi, aikin yini ɗaya ne. Bayan su sai bidiyon da ke kunna kansa, da tarkacen ƙananan manhajoji da aka liƙa aka manta da su. In an share waɗannan har yanzu yana jan ƙafa, to maganar masauki ta taso da hujja.

Ka gwada shi a ƙaramar waya, da data, ba a kwamfutar ofis ba. Tun 2018 Google ya fara auna shafuka da fuskarsu ta waya, kuma yanzu ita yake dubawa. A Yulin shekarar ne kuma Chrome, manhajar buɗe shafukan intanet ta Google, ya fara rubuta gargaɗin rashin tsaro a kan duk shafin da adireshinsa bai fara da https ba. In naka na cikinsu, takardar tsaron da ke ba shafi https ana samunta kyauta daga wata hukuma mai suna Let's Encrypt. Tun da kuna cikin magana da maginin, tambaye shi da sunan wa aka yi rajistar adireshin shafin. In da sunansa ne, a mayar da naka yanzu da kuke shiri.

Tambaya: Ina da mabiya 20,000 a Facebook. Anya ina bukatar wahalar jan mutane zuwa wani shafi daban?

Amsa: Kana bukata. A Janairun 2018 Facebook ya sanar zai fifita abin da 'yan'uwa da abokai suka wallafa a kan na kamfanoni, masu dubban mabiya suka ga isar saƙonsu ta ragu ba tare da sun yi laifin komai ba. Gidan haya ne, mai gida ke sauya makulli. Ka ci gaba da hira da mutanenka a can, amma cikakken bayanin kaya da oda su zauna a shafinka. In kana da wurin da ake zuwa a same ka, ka cika Google Business Profile, wato bayanin kasuwancinka da ke fitowa a Google, da lokutan buɗewa da hotuna na gaskiya, ka roƙi waɗanda suka ji daɗin hulɗa da kai su rubuta ra'ayinsu. Kada ka sayi yabo.

Tambaya: Malam, kamfaninmu na gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne. An ba ni shawarar in biya manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta min maƙala 200 a dare ɗaya don Google ya san da mu. Ya ka gani?

Amsa: Zai san da ku, amma ba irin sanin da kake so ba. A Maris ɗin 2024 Google ya fayyace a ƙa'idojinsa cewa tara rubutu jibgi don kawai a hau sahun bincike laifi ne, mutum ya rubuta ko na'ura. Ga kuma wata: tun Mayun 2024 ya fara sa taƙaitacciyar amsa ta na'ura a saman sakamakon bincike, da farko a Amurka, daga baya a wasu ƙasashe. Bayani na gama-gari, irin "amfanin wanke na'urar sanyi", mutum zai karance shi a can bai danna kowa ba. Maƙala 200 ɗinka duk irin wannan za su kasance, don manhajar ba ta taɓa kwance na'ura ba.

Ma'aikatanka sun kwance. Ka ce kowannensu, in ya je aiki, ya ɗauki hoton abin da ya tarar kafin gyara da bayansa, ya yi maka saƙon murya na minti biyu: me kwastoma ya ce, me ya gano, me ya canza, awa nawa ya ɗauka. A nan manhajar za ta yi maka rana, ta mayar da maganar rubutu mai tsari, kai kuma ka karanta ka gyara kafin a ɗora, ka cire sunan mai gida da duk abin da zai nuna inda yake. Biyu a wata sun isa. Ka fara da wadda aka fi kiran ku a kanta, wato na'urar da ke ɗigar da ruwa cikin ɗaki, ka sa lambar wayar kamfani a saman shafin yadda mai tsaye da bokiti a hannu zai danna da yatsa ɗaya.