Sauya mai rufe wasa ana dab da ƙare kaka: gyara ne ko huce haushi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina bin gasar besbol ta Amurka, wato MLB. Ƙungiyar da nake goyon baya ta shiga wani hali tun watan Agusta. Mai jifar da ke rufe mata wasa ya yi ta ɓarar da nasara a zango na 9, wato zangon ƙarshe na wasa, yanzu manaja ya sauke shi alhali saura 'yan makonni kaka ta ƙare. Shin irin wannan sauyi yana gyara wani abu kuwa? Kuma me ake dubawa kafin a zaɓi wanda zai gaje shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sauyin yana da amfani idan har hannun mai jifar ne ya lalace. Idan kuwa rashin sa'a ce ta makonni biyu ko uku, abin da aka yi bai wuce kwantar da hankalin 'yan kallo ba. Ko ta yaya dai, ka sani cewa sauke mai rufe wasa ba ya ƙara wa ƙungiya ko da mutum ɗaya. Masu jifa na ko-ta-kwana su ne dai jiya, su ne yau, jerin fitowarsu kawai aka sake.

Lissafin da ke tunzura mutane shi ne na tsare nasara da ɓarar da ita, wanda ya zama lissafin hukuma a 1969. Ana rubuta wa mai jifa cewa ya tsare nasara idan shi ya kammala wasan da ƙungiyarsa ta ci, kuma ya cika ɗaya daga sharuɗɗa uku: ya shigo da tazarar maki 3 ko ƙasa da haka ya jefa zango guda cur, ko ya shigo wanda zai iya kunnen doki yana kan tasha (ɗaya daga wurare ukun da mai gudu ke tsayawa kafin ya dawo gida ya ci maki), ko yana bugu, ko shi ne mai bi masa, ko kuma ya jefa zango uku. Matsalar lissafin ita ce ba ya bambance mai sauƙi da mai wuya. Wanda ya shigo da tazarar maki 3 ba kowa a tasha, da wanda ya shigo da tazarar maki 1 mutum yana tasha ta biyu, ladansu ɗaya. Haka ma ana iya rubuta wa mutum ɓararwa saboda makin ɗan wasan da wani mai jifa ya bari a tasha tun kafin ya shigo.

Ga kuma ƙarancin aikin. Kaka tana da wasanni 162, amma mai rufe wasa yakan jefa zango 60 zuwa 70 ne kawai a shekara, wato kamar 10 zuwa 12 a wata. Dare ɗaya mummuna yana rusa alƙaluman mutum. A ce ya jefa zango 50 an ci shi maki 15, matsakaicin makin da yake bayarwa a kowane zango tara shi ne 2.70, gwani ke nan. Ya fito gobe a ci shi maki 5 bayan ya fitar da mutum ɗaya tak cikin ukun da ake fitarwa kafin zango ya ƙare, alƙalamin ya haura zuwa 3.58. Mutumin bai canja ba cikin awa ashirin da huɗu.

Don haka masu horar da jifa ba daga nan suke farawa ba. Abin farko da suke dubawa shi ne gudun ƙwallonsa. Idan jifarsa mai sauri ta ragu da mil 2 a awa, kimanin kilomita 3, kuma hakan ya ɗore a fitowa huɗu ko biyar a jere, to akwai gajiya ko ciwo a kafaɗa ko gwiwar hannu. Irin wannan mutum jerin masu jinya na kwana 15 yake buƙata, mayar da shi zango na 7 ba zai warkar da shi ba. Sai a duba yawan waɗanda yake bai wa tafiya kyauta zuwa tashar farko. Matsakaicin gasar yana wajen kashi 8 zuwa 9 cikin 100 na masu bugu. Wanda ya haura kashi 12 ya rasa saiti, kuma a zango na 9 da tazarar maki 1, tafiya kyauta ga mutumin farko rabin ɓarna ce. Bayan haka a duba waɗanda yake fitarwa da jifa uku ba tare da sun sa ƙwallo cikin fili ba. Matsakaicin yana wajen kashi 22, nagartaccen mai rufe wasa kuwa yakan kai 30 ko fiye. Abu na ƙarshe, wane irin bugu ake yi masa? Ƙwallon da ke gangarawa a ƙasa tana sulalewa tsakanin masu tsaron fili biyu daban take da wadda ake ɗirka wa katanga. Ta farko sa'a ce da kuma raunin masu tsaro, takan daidaita da kanta. Duk waɗannan alƙaluma suna shafin Baseball Savant kyauta, jifa bayan jifa.

New York Yankees a 2024 misali ne mai kyau. Clay Holmes mai jifa ne da ya dogara da ƙwallon da ke nutsewa ƙasa, don haka ana yawan taɓa masa ita, abin da zai biyo baya kuma yana hannun masu tsaro. Ranar 3 ga Satumba a Texas ya shigo suna gaba da 4 da 3, tashoshi uku suka cika, Wyatt Langford ya buga ta bayan katanga, wasa ya ƙare 7 da 4. Ɓararwarsa ta 11 ke nan a kakar. Manajan Yankees, Aaron Boone, ya juya ga Luke Weaver, wanda bai taɓa tsare nasara ko sau ɗaya a MLB ba kafin wannan watan, amma yana fitar da masu bugu da jifa uku sosai. Sauyin ya yi aiki don dalilai biyu: wanda aka ɗora ya fi dacewa da zangon, kuma ba a yar da Holmes ba, an ci gaba da amfani da shi a zangunan da ke zuwa kafin na ƙarshe har ƙungiyar ta kai World Series, wato karawar ƙarshe ta neman kofi.

Wannan batu na biyu shi ne inda manajoji suka fi tuntuɓe. Idan ka ɗauko mai zango na 8 ka kai shi na 9, wa zai riƙe na 8? Sai mai na 7 ya matsa gaba, na 7 kuma ya faɗa hannun wanda a da ba a yarda da shi ba sai wasa ya lalace. An tona rami an cike rami. Sau da yawa ma a zango na 7 ko na 8 ne ake haɗuwa da masu bugu na 2, na 3 da na 4 a jerin fitowa, waɗanda su ne ƙarfin abokan hamayya. Ƙungiyar da ke da amintattun hannaye uku za ta iya jujjuya su yadda take so. Mai guda ɗaya rak, duk inda ta ajiye shi sai wani wuri ya yoyo.

Wajen zaɓen magaji, yawan fitarwa da jifa uku shi ne kan gaba, sai ƙarancin tafiya kyauta. Dole kuma ya iya da masu bugun dama da na hagu, domin tun 2020 doka ta tilasta mai jifa ya fuskanci mutum uku ko ya ƙare zangon kafin a canja shi. Wanda ya ƙware kan 'yan hagu kaɗai ba zai rufe wasa ba. A kuma duba ko jikinsa yana ɗaukar fita kwana biyu a jere ba tare da gudun ƙwallonsa ya faɗi ba. Yawancin ƙungiyoyi suna guje wa kwana uku a jere, kuma wanda ya yi jifa 25 zuwa 30 yau, galibi gobe hutu yake yi.

Maganar cewa sai wanda ya saba da zango na 9 zai iya, a ganina an cika zuzuta ta. A 2005 Bobby Jenks, sabon shiga, ya karɓi aikin a Chicago White Sox a ƙarshen kaka bayan ciwon baya ya dami Dustin Hermanson, suka ɗauki kofi. A 2006 ciwon ƙugu ya fitar da Jason Isringhausen a Satumba, St. Louis Cardinals, waɗanda wasa 83 kacal suka ci a kakar, suka miƙa wa Adam Wainwright, shi ma sabon shiga. A wasa na 7, na ƙarshe a karawar neman shiga World Series da New York Mets, suna gaba da 3 da 1, tashoshi cike, saura mutum ɗaya, ya fitar da Carlos Beltrán da jifa mai lanƙwasa wadda Beltrán ya tsaya yana kallo ko sanda bai ɗaga ba. Su ma kofin suka ɗauka. Haƙuri da tsohon hannu ma yana da tsadarsa: Brad Lidge na Philadelphia Phillies ya tsare 41 cikin 41 a 2008, a 2009 kuwa ya ɓarar da 11 da matsakaicin 7.21. Sauyin ma ba laya ba ne. Los Angeles Dodgers sun sauke Craig Kimbrel a ƙarshen Satumban 2022, sun ci wasa 111 a kakar, duk da haka San Diego Padres suka fitar da su a karon farko da suka buga a wasannin neman kofi na bayan kaka.

Lokaci ma yana ɗaure manaja. Ana rufe cinikin 'yan wasa a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, kuma tun 2019 babu ciniki bayan nan. Abin da ya rage sai wanda wata ƙungiya ta saki, ko matashi daga ƙananan ƙungiyoyin horo. Daga 1 ga Satumba adadin 'yan wasa yana tashi daga 26 zuwa 28, amma mai jifa ɗaya kawai ake iya ƙarawa, daga 13 zuwa 14.

Sai ka duba matsayin ƙungiyarka a tebur. Idan tana neman gurbin shiga wasannin bayan kaka da tazarar wasa 2 ko 3, ya kamata manaja ya ajiye muƙami gefe, ya sa mafi kyawun hannunsa a lokacin da wasa ya fi zafi, ko zango na 8 ne. Manajan Baltimore Orioles na lokacin, Buck Showalter, ya ajiye Zach Britton, wanda ya tsare 47 cikin 47 a 2016, a wasan sili-ɗaya-ƙwale na bayan kakar, yana jiran Baltimore ta shiga gaba. Ba ta shiga ba, Toronto ta ci a zango na 11, Britton bai jefa ko ƙwallo ɗaya ba. Idan kuwa ƙungiyar ta riga ta fita daga lissafi, sauyin gwaji ne na baɗi, ana so a ga matashi a cikin matsi sau shida ko bakwai kafin a yanke shawarar sayen wani a lokacin sanyi.

Akwai kuma kuɗi, wanda manaja ba zai faɗa a gaban 'yan jarida ba. Yawan tsare nasara yana ɗaga albashin matashin ɗan wasa idan aka je gaban masu sasanta albashi, wasu kwantiragi kuma suna da sharaɗin adadin wasannin da mutum ya kammala. A 2011 kwantiragin Francisco Rodríguez da Mets ta tanadi dala miliyan 17.5 na shekara mai zuwa idan ya kammala wasa 55. Mets suka sayar da shi ga Milwaukee a watan Yuli, can kuma aka mayar da shi zango na 8. Idan mai rufe wasan da aka sauke a ƙungiyarka gudun ƙwallonsa bai ragu ba, saitinsa ma lafiya lau, ka bincika sharuɗɗan kwantiraginsa.