Amsa kan sukar da ake yi wa LeBron James

Malam, ka tambaya ko adalci ne 'yan jaridar Amurka su matsa wa LeBron James ya ajiye ƙwallon kwando saboda ya haura shekara 40. Suna da gaskiya a wuri guda: idan ƙwallo ta kuɓuce, za ka ga yana jan ƙafa wajen komawa tsaron gida, abin da ba a san shi da shi ba a zamanin da yake wasa a ƙungiyar Miami Heat. Amma wanda ya shafe tarihin maki 38,387 na Kareem Abdul-Jabbar, wanda ya fi kowa tara maki a gasar ƙwallon kwando ta NBA kafin shi, a 2023 ya cancanci ya zaɓi ranar tafiyarsa da kansa. Haka aka yi wa wani tauraron ƙwallon kwando, Kobe Bryant, caa, sai ya zuba wa ƙungiyar Utah Jazz maki 60 a wasansa na ƙarshe a 2016, kodayake sai da ya yi jifa 50.