Jarina kaɗan ne, ta ina zan shiga harkar filaye?

Tambaya: Malam, shekarata 24, ina zaune a Kano. Abin da na tara bai kai kuɗin fili a cikin gari ba, kuma ba na son bashin banki mai ruwa. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi gaggawar saye. Fara da dillanci. Ka lazimci dillali mai amana, kana raka shi duba filaye da gidajen haya. La'ada a wurare da yawa kashi 5 cikin 100 ce a ciniki, kashi 10 a haya. Kuɗin zai taimaka, amma abin da ya fi shi shi ne ka san farashin unguwa-unguwa da inda gari yake miƙewa.

Idan la'ada da adashi sun taru, nemi rabin fuloti, ƙafa 50 sau 50, a gefen gari inda titi ko wutar lantarki ke dosa. Ƙaramin jari yawanci a filin awon igiya, wato wanda masu gona suka yanka ba gwamnati ba, yake ƙarewa, kuma a nan matasa suka fi asara. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna, don haka takardar ciniki da sa hannun mai unguwa ba su kai takardar mallaka ta gwamnati ƙarfi ba. Kafin ka biya ko sisi, je KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jihar Kano, a bincika ko wurin yana cikin tsarin gwamnati ko an riga an ba wani. Tambayi dagaci da maƙwabta asalin filin. In na gado ne, sai an raba, kuma magada sun sa hannu, har matan cikinsu, domin su ake yawan tsallakewa, daga baya a tsinci kai a kotu. Ka je ka ga wurin da damina, musamman a Agusta. Filin da ke kan hanyar ruwa da rani lafiya lau yake.

Ka biya ta banki a gaban shaidu. Da an gama, kafa alamun iyaka, ka zuba harsashi ko da layi biyu na bulo, domin filin da aka bari fayau shi ake sayarwa sau biyu.

In za ku haɗa kuɗi da abokai, ku rubuta kason kowa da sharaɗin fita. Kuma kada ka saka jarin sana'arka gaba ɗaya: fili ba ya sayuwa ranar da kake buƙatar kuɗi, in ka matsu sai ka karyar.