Tifar da muke haɗawa da bulon LEGO sai ta riƙa karyewa a tsakiya, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yarona ɗan shekara bakwai aka bashi bokiti guda na bulon roban nan da ake haɗawa, wasu LEGO ne wasu kuma na wani kamfani, duk a cakuɗe babu takardar da ke nuna yadda ake haɗi. Shi kuma ya nace sai tifa, wadda bayanta ke ɗagawa ta zubar da kaya. Mun haɗa tayi kyau a ido amma da ya fara turata sai ta rabe biyu, tayoyin baya basa juyawa sosai, in ya ɗaga bayan kuma sai ya ciro gaba ɗaya. Har na fara tunanin in sa mata gam. Kuma yana da ƙanwa 'yar shekara biyu da komai ta gani sai baki. Don Allah a bani shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Ki ajiye gam ɗin nan tukuna, in kika sa shi kin kashe bulon kenan, gobe in yace jirgi yake so babu abin haɗawa, kuma gam mai ƙarfi yana barin farin tabo a jikin robar da baya fita. Abubuwa ukun da kika lissafa duk tushensu ɗaya ne. Inaga kun fara ne daga abin da ido ke gani, kan mota da gilashi da bodi, daga baya kuka nemo inda za a liƙa taya a ƙasa, kusan kowa haka yake farawa. Mota kuwa daga taya ake farata, sai shasi, wato gindin motar da taya da bodi ke hawa kansa, kwalliya ce ƙarshe.

Bari in fara da awo tunda komai a kansa yake tafiya. 'Yan ƙululun nan na saman bulo, zan riƙa ce musu ɗigo, daga tsakiyar ɗaya zuwa tsakiyar na kusa dashi milimita 8 ne. Bulo mai kauri tsayinsa milimita 9.6, siririn kuma wanda zan kira falle milimita 3.2 ne, kinga falle uku in aka ɗora sunyi bulo ɗaya daidai. Abin da ke sa su kama juna kuma, ki kifa bulo ki duba cikinsa zaki ga 'yan bututu a tsakiya, ɗigon na ƙasa yana shiga ya matse tsakanin bututun da bango. Wannan tsarin kamfanin LEGO na ƙasar Denmark yayi masa rajista a 1958, kuma bulon wancan lokacin har yau yana hawa kan na yanzu. Amma riƙon ɗigo yana da inda yake da rauni, in kika danna daga sama ko kika tura ta gefe baya motsi, in kika lanƙwasa kuwa sai ya ɓalle kamar ba a taɓa haɗawa ba. Yaro in yana tura mota tafin hannunsa a tsakiya yake, taya a gaba taya a baya, nauyi a tsakiya, lanƙwasa kenan.

Toh yanzu ki zazzage bokitin ki ware tayoyi tukuna, su za su faɗa miki girman motar da za ku iya. Ki nemo guda huɗu ko shida masu girma ɗaya da abin da ke riƙe su. Riƙon iri biyu ne. Akwai falle mai 'yan hannaye a gefe da ake tura taya ta shige, wannan shine mai sauƙi, akwai kuma sanda mai siffar kuros (+) da ake zurawa ta ramin bulo mai huji, irin kayan LEGO da ake kira Technic da suka fara fitowa a 1977. In tayoyinku ƙanana ne kuma riƙon mai faɗin ɗigo biyu ne, mota mai faɗin ɗigo huɗu za kuyi. In riƙon mai faɗin huɗu ne sai bodi yayi shida, kuma ni a ganina shida yafi dacewa da tifa, huɗu ta cika matsi, takwas kuma tana cin bulo da yawa ga nauyi, bokiti ɗaya da wuya ya isa. Faɗin shasi yana zama ƙasa da na bodi da ɗigo biyu, ɗaya ta kowane gefe, wajen taya kenan. Tsawo kamar ɗigo 16 zuwa 18 yayi.

Shasin nan a nan zan daɗe don shine maganin karyewar. Hawa uku za kiyi masa, falle a ƙasa, bulo ko wani fallen a tsakiya, falle a sama, kuma kada mahaɗa ta hau kan mahaɗa. Kin taɓa ganin magini ya jera bulo bakin ɗaya daidai kan bakin ɗaya har sama? Ai katangar zata tsage ta wannan layin, shi yasa yake gocewa da rabi a kowane layi. Haka nan ma. Misali in ƙasan falle biyu ne masu tsawon takwas-takwas, mahaɗarsu tana tsakiyar mota daidai inda hannun yaro ke dannawa, to na samansa ya zama huɗu, takwas, huɗu, mai takwas ɗin ya haye mahaɗar da ɗigo huɗu ta kowane ɓangare. Ɗigo ɗaya ko biyu na hayewa baya riƙewa, ki nemi aƙalla uku ko huɗu. Na uku kuma ya sake gocewa. In kina da dogon falle guda mai 12 ko 16 ki sashi a hawan ƙasa, don in an danna mota daga sama ƙasan ne ke son buɗewa. Falle guda ɗaya kaɗai komai tsawonsa yana lanƙwasa ya tofar da abin da ke kansa, amma uku a haɗe sai su zama kamar katako.

In kuma Allah ya sa akwai dogayen bulo masu huji a bokitin, kin huta. Ki jera biyu a gefe da gefe su zama dogayen ƙarafan shasi, ki rufe su da falle sama da ƙasa. Akwai wata dabara da ba kowa ya sani ba, in kika ɗora bulo mai huji, falle biyu, sai wani bulo mai huji, tazarar ramin ƙasa da na sama ta zama 9.6 da 6.4, milimita 16 kenan, daidai ramuka biyu. Sai ki kawo sanda mai huji ki tsayar a gefe ki soka 'yar ƙusar roba a rami na ɗaya da na uku, wannan ko faɗowa tayi daga kan teburi bazata rabu ta wajen ba.

Kafin ki ɗora komai ki gwada shasin tsirara da tayoyinsa. Ki danna tsakiya da yatsa da ɗan ƙarfi, ki riƙe gaba da baya ki ɗan murɗa, ki turashi a ƙasa ki ga ko yana tafiya miƙe. In ya buɗe a nan gyaran minti ɗaya ne, in sai an gama mota ya buɗe sai an wargaza komai, yaro kuma yayi ta kuka.

Maganar tayoyin baya da basa juyawa, ɗaya cikin uku ne. Ko taya na gogar bodi ta sama, wanda maganinsa ƙara falle ɗaya tsakanin shasi da bodi, ki tabbata akwai sarari ko da kaurin falle ne a saman taya don in an danna mota tana ɗan sauka. Ko kuma kun sa tayoyi biyu a jere suna gogar juna. Manyan tayoyin ana rubuta awonsu a gefe, in kika ga 30.4 x 14 to faɗin da'irar milimita 30.4 ne, ki raba da takwas ya baki 3.8, kinga dole tsakanin sanda da sanda ya kai ɗigo huɗu, uku bazai yiwu ba. Na ukun kuma shine wanda yafi kama mutane, launin ƙusa. Baƙar ƙusa tana da 'yan zane a jiki da ke sa ta riƙe gam, an yi ta ne don kada abu ya juya da kansa, mai ruwan toka kuma santsi ce. Haka mai rabi ƙusa rabi kuros, shuɗiya tana riƙewa, mai ruwan ƙasa tana juyawa. In taya na kan baƙa ko shuɗiya zata riƙa jan ƙafa. Wannan launin tsarin LEGO ne, na sauran kamfanoni sai ki gwada da hannu. In sandar kuros ce kuma kada ki matse zoben da ke tare ta har ya manne da bulo, ki bar ɗan wasa kaɗan.

Sai maganar bodin baya na tifar. Dalilin da yasa yake cirowa gaba ɗaya, ina kyautata zaton ƙasan bodin yana zaune kan ɗigon shasi ya kama, yaro yana ja da ƙarfi don ya ɓalle, ƙarfin sai ya tafi kan hinjin, wato mahaɗin da bodi ke juyawa a kansa in an ɗaga, ya tumɓuke shi. Ki nemo fallen nan masu santsi marasa ɗigo ki shimfiɗa a saman shasi duk inda bodi zai kwanta, ya zama hinji kaɗai ke riƙe dashi. Hinjin kuma can ƙarshen baya za a sa, in kika matso dashi gaba wutsiyar bodin zata sauka ta daki shasi tun bai ɗaga ko rabi ba. Kuma a danne shi, wato ƙafar hinjin kada ta zauna a saman shasi haka kawai, a ɗora wani falle ya haye kanta ya kama shasi ta gaba. In babu hinji, bulo mai rami ɗaya a jikin shasi, wani a jikin bodi, ƙusa ta ratsa su, ta kowane gefe, ya ma fi hinjin ƙarfi, kuma nan ne wajen baƙar ƙusa don bodin ya tsaya a sama in an ɗaga bai faɗo ba. Tayoyin baya su kasance kusa da hinjin, in sunyi nisa gaba, da an ɗaga da kaya a ciki sai kan motar ya tashi sama. Bangon bodi ma a goce mahaɗa, musamman kusurwa, wannan layin na gefe ya shiga kusurwa, layi na gaba na gaban ya shiga. Ƙofar baya in za kuyi, ta sama ake rataye ta, sai ta buɗe da kanta in bodi ya karkata, yara suna son wannan sosai.

Kan mota ki bar masa, nan ne wajen nasa tunanin. Abu ɗaya dai, in akwai ɗan mutumin nan direba a zaunar dashi tun farko da sitiyari a gabansa sannan a gina kewaye dashi, in ba haka ba sai an gama a ga kansa ya hana rufi zama. A mota mai faɗin shida mutum ɗaya ne ke zama da walwala, biyu hannayensu na karo. Rufin kuma a ɗigo biyu ko huɗu kawai za a kamashi sauran santsi, don ya ciru ba tare da ya ɗebo gilashi ba. Fitilu da gaban mota akwai bulo mai ɗigo a gefe da ake liƙa su a tsaye, kuma falle biyar a ɗore daidai suke da faɗin ɗigo biyu, 16 da 16, in ya fara son gini ta gefe wannan lissafin zai masa amfani. Sitiyari mai juya taya da gaske ki barshi sai gaba, yana cin wuri yana kuma raunana gaban shasi, ɗan shekara bakwai ja yake ya karkata motar da hannu.

Cakuɗar bulon ba laifi bane, haƙƙin mallakar wancan tsarin ya ƙare tuntuni shi yasa kamfanoni da yawa ke yin masu awo ɗaya, sai dai riƙonsu ba ɗaya ba, wani ya matse har da ƙyar ake cirewa wani sako-sako. Ki haɗa biyu-biyu ki ji da hannunki, masu riƙo sosai su tafi shasi da wajen hinji, masu sako-sako su tafi kwalliya ko su zama kayan da tifar zata ɗauka. Yashi na gaske kada ya loda mata, yana shiga ramin sanda ya cinye robar. In bulon sunyi datti a wanke da hannu da ɗan sabulu a ruwan da bai wuce digiri 40 ba, a shanya a inuwa, zafi yana lanƙwasa su rana kuma tana dafe launi.

Ƙanwar kuwa maganarta tafi ta motar muhimmanci. Waɗannan ƙananan ba na yaron da bai kai shekara uku bane, taya ƙarama, fitila, ƙusa, kan ɗan mutum, duk suna iya maƙalewa a maƙogwaro. Ya riƙa haɗinsa a kan teburi ko cikin faffaɗan tire, in ya tashi a kwashe a rufe bokitin a ɗora sama, ita kanta tifar kada a bar mata tunda fitilunta na ciruwa, kuma ki riƙa duba ƙasan kujera don ƙananan can suke gangarawa. In tana rigimar sai ta taɓa, akwai Duplo, manyan bulon LEGO da aka fara yi a 1969 don irinsu, ninki biyu ne na wannan ta tsawo da faɗi da kauri, har da motocinsa masu tayoyin da basa ciruwa, a bata nata ta zauna gefe tana yi.