Ina keken sama na New Orleans ya shiga?

Malam, ka tambayi labarin keken nan mai rataye a waya da ka gani a tsohon hoto yana tsallaka kogin Misisipi. MART ake ce masa. An kafa shi ne saboda babbar kasuwar baje kolin duniya da aka ci a New Orleans ta Amurka a 1984, yana kwasar mutane daga filin baje kolin zuwa unguwar Algiers da ke ƙetaren kogi.

Turaku biyu na ƙarfe suka riƙe wayar, kowanne ya haura mita 100, don manyan jiragen ruwa su samu wucewa ta ƙasa. Ka shiga ɗan akwati mai tagogi, ka leƙa ka hango jirgin dakon kaya a ƙarƙashin ƙafarka!

An so ya zama abin hawan ma'aikata na kullum, amma kasuwa na watsewa fasinja suka ɗauke ƙafa, ga gada ga jirgin fito. Bashi ya yi katutu, aka rufe shi a 1985. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne turakun sun yi shekaru tsaye ba aikin fari, sai a 1994 aka kammala rushe su.